Ma'adinan Kudancin Kaduna: Wa ke biyan masu bin diddigin kuɗin?

Duk wanda ya fito daga Kafanchan ko kewayenta ya san ƙasar ba citta kaɗai take bayarwa ba. Tun zamanin Turawa ake tonon kuza a yankin, har ma wajen wannan tonon ne aka fara tsintar gumakan Nok a 1928. A 2016 kamfanin Comet Minerals ya sanar da gano nikel a Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Jama'a, labari ya bazu har Legas. Mu da ke zaune a Agege, da Sabon Ibadan, da Fatakwal, mukan ji irin waɗannan labarai ta waya, amma da wuya ka ji wanda zai iya gaya maka nawa aka biya, kuma wa ya karɓa.

Ga yadda abin yake. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnatin tarayya ne. Kamfani zai karɓi lasisi a Abuja, ya biya kuɗin lasisi da harajin abin da ya tono, kuɗin ya shiga asusun tarayya, jihar da aka tono a cikinta ta samu kashi 13 cikin ɗari, kamar yadda ake yi wa jihohin mai. Hukumar NEITI, wadda aka yi mata doka a 2007, ita ke kwatanta abin da kamfanoni suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa, ta buga rahoto. A 2019 ta buɗe rajistar da ke nuna ainihin masu kamfanonin, ba sunan da ke kan allo ba.

To, rahoton NEITI littafi ne mai kauri, da Turanci, cike da jadawali. Manomin Dangoma ba zai karanta shi ba, ni ma sai da kofin shayi biyu. Nan ne aikin ƙungiyoyin farar hula yake: su karanta, su warware, su kai wa jama'a, su tsaya a kan gwamnati. Irin su CISLAC ta Auwal Musa Rafsanjani, da BudgIT, da gamayyar Publish What You Pay da aka kafa a 2002. Aikin yana tasiri idan an yi shi. Bayan gubar dalma ta wajen tonon zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, matsin lambar Hamzat Lawal da abokan aikinsa na cikin abin da ya sa aka saki kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega.

Amma wa ke biyansu? Mafi yawan kuɗin daga waje yake zuwa, kuma rijiyar tana ƙafewa. Gidauniyar MacArthur ta kammala babban shirinta na yaƙi da cin hanci a Najeriya a 2024. A 2025 gwamnatin Trump ta rufe hukumar USAID. Ko lokacin da kuɗin ke zuwa ma, galibinsa wajen mai da gas ya tafi, don can ne manyan biliyoyin suke. Kuma mu faɗi gaskiya, ƙungiyar da ke cin abinci daga hannun mai ba da tallafi, shi take fara yi wa bayani. Shi ya sa tarukan suka fi yawa a otal-otal na Abuja, ba a ƙofar gidan dagaci ba. Ban ce su daina karɓa ba. Idan suka koma hannun gwamnati ko kamfanonin da suke sa wa ido, ai an ba kura ajiyar nama.

Abin da nake gani shi ne, aikin da ya fi shafar ƙauyukanmu ba ya buƙatar dala. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin tono ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Ƙungiyoyinmu na 'yan gida a kudu suna tara kuɗin biki da na kai gawa gida. Kaɗan daga ciki ya isa a ɗauki lauya ɗaya, a biya wa matasa biyu kuɗin mota daga Kafanchan zuwa ofishin rajistar ma'adinai a Abuja, su nemo sunayen masu lasisi a ƙaramar hukumar Jama'a. Daga nan a tambayi kowane kamfani kwafin yarjejeniyarsa, a karanta ta da Hausa a gaban mutanen gari, Musulmi da Kirista, a ga sa hannun wa ke ƙasanta.