Haɗa Ambulan na Katin Gaisuwa da Hannu

Kalmar ambulan baƙuwa ce a Hausa. Daga Ingilishi aka aro ta, kuma tare da gidan waya da kan sarki ta shigo. Ko a Ingila ɗin ma abin bai yi wani dogon tarihi ba. Kafin shekarar 1840 ana biyan kuɗin wasiƙa ne gwargwadon yawan fallayen takarda da nisan tafiya, saboda haka duk wanda ya sa wasiƙarsa cikin ambulan sai a lissafa masa shi falle na biyu. Mutane kan linke wasiƙar ne kurum su liƙe bakinta da kaki. Da aka koma biya bisa nauyi, a kan shawarar Rowland Hill, sai ambulan ya sami kasuwa, har Edwin Hill da Warren De la Rue suka yi rajistar injin linke shi a 1845.

Amma inji bai kashe aikin hannu ba, domin shi girma ƙayyadadde yake fitarwa. Ɗalibin da ya zana katin barka da Sallah da kansa yakan tarar na kanti ya yi wa katin kaɗan, sai ya lanƙwasa shi, ya ɓata aikin kwana biyu.

Asirin aikin duka yana ga awo. Alal misali, a ɗauki kati mai tsawon santimita 14.8 da faɗin 10.5, watau kashi ɗaya cikin huɗu na fallen A4. Ambulan da ya dace da shi santimita 16.2 ne da 11.4, don katin ya shiga ya fita ba da kokawa ba. Takardar da za a yanka murabba'i ce, ga kuma yadda ake gane girmanta: a haɗa tsawon ambulan da faɗinsa, a sami 27.6, a raba da 1.414, a sami kimanin 19.5. A nan ne akasarin masu koyo suke tuntuɓe. In aka yanka 19.5 cif, leɓunan dama da hagu za su haɗu da na ƙasa baki da baki ne kawai, babu inda ɗaya zai hau ɗaya, balle a sami wurin shafa gam. Dole a ƙara santimita ɗaya da rabi, ya zama 21. Abin sha'awa, 21 ɗin nan shi ne ainihin faɗin fallen A4, don haka linke gajeren gefensa a kan dogon, a yanke rarar, ya wadatar.

Sa'an nan a ajiye murabba'in, kusurwa ɗaya tana fuskantar mai aiki. A kwantar da katin a tsakiya, a ja layi huɗu da fensir kewaye da shi, ana barin kusan rabin santimita sama da ƙasa, da ɗan fiye da haka a dama da hagu, kowane layi ya kai bakin takarda. Inda layukan suka gitta juna za a ga ƙananan kusurwoyi huɗu; a cire su da almakashi, in ba haka ba gefunan za su yi ƙullutu. A fara linke leɓen dama da na hagu, na ƙasa ya hau kansu, na sama ya zama murfi.

Game da abin liƙi kuwa, ba sai an je kanti ba. Ƙaron dakwara, wanda almajirai suke sa wa tawada, an daɗe ana shafa shi a bayan kan sarki da bakin ambulan, domin ko ya bushe, da ya ji danshi sai ya sāke kamawa. Ana jiƙa shi cikin ruwa kaɗan har ya narke, a tace, a shafa siriri a bakin murfi, a bari ya bushe kafin a sa kati. Wannan hali nasa shi ne kuma aibinsa: da damina ambulan da aka jibga wuri ɗaya sukan manne da juna tun ba a yi amfani da su ba. A leɓen ƙasa, inda ba a bukatar buɗewa, dafaffen sitati ya fi riƙo, sai dai a bakin leɓen kaɗai ake shafa shi, kuma a zura wata takarda ciki har ya bushe, kada ya tsiyaya ya haɗe gaba da baya.