Me ya sa jiki ke yaƙar ƙodar da aka dasa masa?

Idan wankin ƙoda a babban asibitin Damagaram ya galabaitar da mutumin Magarya ko Dungas, hankalin dangi kan koma Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Sai a shiga lissafin kuɗi da neman mai bayarwa. Amma daɗewar ƙodar a jiki tana hannun garkuwar jikin mai karɓa, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Ƙwayoyin jikin kowane mutum na ɗauke da wata shaida da likitoci ke kira HLA, tamkar tsagar gado a fuska. Fararen ƙwayoyin jini kullum suna sintiri suna duba ta. Da sun ga baƙuwar shaida sai su far wa mai ita, ba ruwansu ko cuta ce ko ƙodar da ƙane ya bayar don Allah. Shi ya sa dashen farko da ya ɗore, wanda Dokta Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi.

Rabin shaidar daga uwa take, rabi daga uba. Tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa gaba ɗaya kashi 25 ce cikin 100. Ɗan uba kuwa galibi rabi kawai zai iya dacewa, in ma ya dace. A gidajenmu masu yawan 'ya'ya wannan rahama ce, don akwai waɗanda za a gwada.

Inda na fi so a lura shi ne batun mata. Garkuwar jiki ba ta mantuwa. Duk cikin da mace ta ɗauka, jikinta na haɗuwa da shaidar mijinta ta hanyar ɗan tayi, kuma yana iya tanadar makaman yaƙarta. Ƙarin jini ma haka yake yi. To uwar da ta haihu bakwai ko takwas, aka kuma sha ƙara mata jini, ƙodar mijinta ko ta ɗanta tana iya lalacewa tun a ɗakin tiyata. Don haka ake haɗa jinin mutanen biyu a gwada kafin a taɓa wuƙa.

Bayan aiki sai magani: takrolimus, maikofenolet da firednisolon, kullum a kan lokaci, muddin ƙodar na jiki. Idan ya yi yawa, garkuwa ta yi sanyi, tarin fuka da sauran cututtuka su samu ƙofa, takrolimus ɗin kansa ya ji wa ƙodar ciwo. Idan ya yi kaɗan, yaƙi ya tashi, sau da yawa ba zazzaɓi ba ciwo, sai gwajin jini ne zai tona. Rifamfisin na tarin fuka yana rage ƙarfin takrolimus ƙwarai, balle jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Mun ga yadda iyakar Maigatari ta rufe a 2023, kuma irin haka na iya yanke hanyar samun magani. Dangin da ke shirin dashe, ku tanadi kuɗin magani da hanyar samunsa tun kafin ku sa ranar aiki, kuma kada majinyaci ya tsallake ko da kwana ɗaya don ya ji sauƙi.