Lissafin Tafiya Bikin Waƙe-waƙe a Turai: Inda Kuɗin Ɗan Kasuwar Jalingo Ke Maƙalewa

JALINGO — A kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, masu shirya manyan bukukuwan kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe na ƙasashen Turai kan riƙa fitar da sunayen taurarin da za su cashe a lokacin bazara, kashi-kashi. Tun da mawaƙan Nijeriya suka fara hawa saman jerin sunayen, sha'awar halartar waɗannan bukukuwa ta yaɗu har zuwa garuruwa irin su Jalingo, musamman a tsakanin matasan 'yan kasuwa da ma'aikata masu ɗan abin hannu. Sai dai sunan mawaƙi shi ne abu mafi arha a cikin lissafin, kuma shi ne wanda ba a ba da tabbaci a kansa.

Bikin da ya fi jan hankalin 'yan Nijeriya shi ne Afro Nation, wanda aka fara a watan Agustan 2019 a bakin tekun Praia da Rocha da ke garin Portimao, a kudancin ƙasar Fotugal. Wizkid da Davido da Burna Boy na daga cikin waɗanda suka yi wasa a wancan karo na farko. Annobar korona ta hana a yi shi a 2020 da 2021, kana tun daga 2022 ake gudanar da shi a ƙarshen Yuni ko a cikin Yuli. A Ingila kuma akwai bikin Glastonbury, wanda ake yi a wata gona a yankin Somerset tun 1970. Marigayi Fela Kuti ya yi wasa a can a 1984, Wizkid ya rufe ɗaya daga cikin manyan dandalinsa a 2023, Burna Boy kuma ya hau babban dandali a 2024.

Dalilin da ya sa ake sakin sunaye da kaɗan-kaɗan na kasuwanci ne. Mai shirya biki yana buƙatar kuɗi tun da wuri domin ya ba mawaƙa kafin alƙalami, ya kama fili, ya biya masu tsaro da masu kayan sauti. Saboda haka yakan sayar da rukunin farko na tikiti da rahusa, ya ƙara farashi duk lokacin da ya bayyana wani babban suna. Wanda ya saya da wuri ya ba kamfanin rance ne ba da ruwa ba, ladansa kuma shi ne ragin da ya samu. Glastonbury ma ya wuce nan: yana sayar da tikitinsa a cikin kaka, kafin a san yawancin waɗanda za su yi wasa. Na bikin 2025 an sa masa fam 373.50 da ƙarin fam 5 na rajista, aka biya fam 75 kafin alƙalami, kuma duka ya ƙare cikin ƙasa da minti 40 a watan Nuwamban 2024. Bisa farashin canji na wancan wata, kuɗin ya kai kimanin Naira 800,000, wato fiye da albashin wata 11 na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Tikitin yana ɗauke da hoton mai shi, don haka ba a iya sayar wa wani idan tafiya ta fasa.

Sharuɗɗan irin waɗannan bukukuwa galibi suna cewa jerin mawaƙa na iya sauyawa ba tare da an mayar da kuɗi ba. A 2015 ƙungiyar Foo Fighters ta janye daga Glastonbury kwanaki kaɗan kafin biki bayan jagoranta ya karye a ƙafa, aka maye gurbinta da wata, babu wanda aka mayar wa ko sisi saboda haka. Bikin ma kansa yana iya faɗuwa: an soke Afro Nation da aka shirya yi a Legas a Disamban 2023 tun kafin ranar ta zo. Idan aka soke biki akan mayar da kuɗin tikiti, amma kuɗin jirgi da na masauki matsalar matafiyi ce.

Babban shinge shi ne biza. Fotugal tana cikin ƙasashen yarjejeniyar Schengen, kuma kuɗin neman bizarsu ya tashi daga Yuro 60 zuwa 80 a Fabrairun 2020, ya sake tashi zuwa Yuro 90 a ranar 11 ga Yunin 2024. Ba a mayar da shi ko an ƙi mutum. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar jirgin dawowa. Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa an ƙi fiye da kashi 40 cikin ɗari na takardun da aka shigar daga Nijeriya a 2023, haka kuma a 2024. Ma'anar wannan ga mai lissafi ita ce, duk kuɗin da ya biya wanda ba a mayarwa kafin biza ta fito, ya sa shi ne a harkar da fiye da biyu cikin biyar ke faɗuwa. Ingila ba ta cikin Schengen, tana da tata bizar daban, wadda kuɗinta na ziyarar wata shida ya koma fam 127 a Afrilun 2025.

A nan ne ɗan kasuwar Taraba ya fi samun cikas, kuma sau da yawa ba don rashin dukiya ba. Mai sayen masara da shinkafa da riɗi a ƙauyuka, ko mai kai shanu kudu daga kasuwar Iware, yana iya juya miliyoyi a shekara alhali rabin cinikinsa hannu da hannu ake yi. Jami'in biza ba ya ganin buhunan da ke sito. Abin da ke gabansa shi ne takardar bayanin asusun banki ta watannin baya, da shaidar rajistar kamfani, da takardar biyan haraji. Kuɗin da aka zuba a asusu a dunƙule mako biyu kafin a shigar da takardu yakan jawo tambaya fiye da yadda yake taimakawa. Wanda ke da niyyar tafiya a Yuli, tun daga kakar bara ya kamata cinikinsa ya riƙa bi ta banki. Ƙa'idar Schengen ta ba da damar a shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya. Ana yanke hukunci cikin kwana 15 a bisa al'ada, amma yana iya kaiwa kwana 45, ban da jiran samun ranar ganawa, wanda kan yi tsawo idan bazara ta gabato.

Sai batun canji. A 2019, shekarar da aka fara Afro Nation, ana samun dala a kan Naira 360 ko kusa da haka. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a ranar 14 ga Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, kuma a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi tikiti a ƙarshen 2023 ya bar kuɗin jirgi da na otal sai daga baya, ya tarar lissafinsa ya kusan ninkawa. Tun da tikiti da masauki da abinci duk da Yuro ko fam ake biya, alhali kuɗin shiga na Naira ne, hikima ita ce a riƙa sayen kuɗin waje kaɗan-kaɗan ana ajiyewa a asusun kuɗin ƙasashen waje, maimakon a jira Mayu da Yuni. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umurci bankuna su riƙa ba da kuɗin guzurin matafiya ta kati ko wasu hanyoyin lantarki, ba tsaba ba. Bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin Naira a ƙasashen waje daga 2022, sai a Yulin 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya sa. Ya kamata a tambayi banki iyakar kafin ranar da za a buɗe sayar da tikiti.

Akwai kuma kuɗin da mazaunin Legas ko Abuja ba ya biya. Ofisoshin jakadanci da cibiyoyin karɓar takardun biza suna Abuja da Legas, kuma ɗaukar hoton yatsu sai mutum ya je da kansa. Filin jirgin sama na Danbaba Suntai da ke Jalingo ba ya jigilar ƙasashen waje, don haka tafiyar ta zama biyu: ɗaya ta biza, ɗaya ta tashi, kowace da kuɗin mota ko jirgi da na kwana. Fasfo ma ya yi tsada: daga 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000, kuma dole ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar barin yankin Schengen. Idan an isa Fotugal, filin jirgin da ya fi kusa da Portimao shi ne na Faro, kuma Yuli tsakiyar lokacin masu yawon buɗe ido ne a yankin Algarve, lokacin da farashin ɗaki ke kai ƙololuwa.

Kalandar ma ba ta yi wa manomi da ɗan kasuwar hatsi adalci ba. Bazarar Turai damina ce a Taraba, lokacin da kuɗi ke cikin taki da maganin ciyawa da ladan leburori, kuma saura watanni kafin amfanin gona ya dawo da su. Duk Nairar da aka canza a watan Maris domin biki, an cire ta ne daga jarin da zai shiga gona a Mayu.

Saboda waɗannan dalilai wasu kan juya akalarsu zuwa Afirka ta Yamma, inda fasfon ECOWAS ya wadatar. A Abijan akwai bikin FEMUA da ƙungiyar Magic System ta kafa a 2008, a Akra kuma akwai AfroFuture, wanda a da ake kira Afrochella, da ake yi a ƙarshen Disamba, bayan an kammala girbi a Taraba. Ƙasar Maroko tana da Mawazine a Rabat da bikin Gnawa na Essaouira, wanda aka fara a 1998. Waɗannan biyu galibi a farkon bazara ake yin su kuma ana kallon wasu wasanninsu kyauta, amma ɗan Nijeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga ƙasar.