Ruɓewar saiwa: Funfunar da za ta iya ceton lambunan Tasawa da Mayahi

Matasa da dama daga gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, da ke ci-rani a Kano, Legas, Aljeriya ko Libiya, kan turo kuɗi gida domin a haƙa rijiya a dasa mangwaro, lemu da gwaba, musamman a kwarin Gulbin Kaba. Sai dai dashen da aka shafe shekaru ana wa ban-ruwa na iya mutuwa cikin 'yan watanni, alhali ba a ga tsutsa ko fara a jikinsa ba. Sau da yawa ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa take.

Cutar ruɓewar saiwa na zuwa ne daga wasu ƙwayoyin cuta da ke rayuwa cikin ƙasa, irin su Phytophthora da Fusarium. Ganye kan yi rawaya ya zube, rassa su fara bushewa daga sama, a jikin lemu kuma a ga ƙaro na tsattsafowa daga gindi. Mai garka kan ɗauka ƙishirwa ce, sai ya ƙara ruwa. Nan ne ake yin gudun gara a faɗa gidan zago, domin ruwan da ke kwanciya a gindin itace shi ne abin da Phytophthora ke so.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana ke ba da shawara a kai ita ce amfani da Trichoderma, wata funfuna mai launin kore da ita ma a ƙasa take zaune. Tun 1932 wani masani mai suna Richard Weindling ya nuna cewa tana cin wasu funfuna masu cutar da tsirrai. Takan lulluɓe saiwa ta tare wa cuta wuri da abinci, sannan ta fitar da sinadaran da ke narkar da jikin abokan gabarta.

Yaƙar maƙiyan amfanin gona da funfuna ba baƙon abu ba ne a Nijar. A ƙarƙashin shirin LUBILOSA da aka fara a 1989, an gwada funfunar Metarhizium a kan fara a ƙasar, gwajin da ya taimaka wajen samar da maganin Green Muscle. A Najeriya ma, cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe domin rage gubar aflatoxin a masara da gyaɗa.

Yadda ake amfani da Trichoderma ba wuya. Ana gauraya garinta da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a yayyafa ruwa, a ajiye a inuwa na wasu kwanaki har ta yaɗu. Daga nan a zuba a ledar renon dashe ko a ramin dasawa, da sanyin yamma.

Amma fa abu ne mai rai. Zafin rana da doguwar ajiya na kashe ta, haka kuma haɗa ta da wasu magungunan feshi masu kashe funfuna. Rigakafi ce, ba ta tayar da itacen da saiwarsa ta gama ruɓewa. Dole a haɗa da gyaran ban-ruwa: a yi ɗan kunya kewaye da gindi don kada ruwa ya taɓa shi, kuma kada a binne wurin da aka yi auren dashe.

Ga mai turo kuɗi daga nesa, kafin a sayi kowane magani, ya dace a kai samfurin saiwa da ƙasa ga malaman gona na gunduma, ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna a Maradi. Gara da ƙwayoyin tsutsar ƙasa ma kan busar da itace, kuma maganinsu daban ne.