Wuyar da Wuya Ke Sha

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin titin Nnamdi Azikiwe, daidai Tirkaniya a Kaduna, zai ga yadda wuya ke shan aiki. Ga ɗan dako da buhu a ka, ga yarinya da farantin talla bisa gammo, ga mai Keke Napep yana faɗawa rami yana fita. Can cikin unguwa tela ya duƙufa kan keken ɗinki tun hantsi, saurayi kuma ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Da dare kusan kowannensu zai shafa ƙeya ya ce wuyansa ya riƙe.

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan mutum, ɗaya bisa ɗaya, tsakaninsu akwai guringuntsi mai laushi da ke rage gogayya. Ta cikinsu laka ta ratsa, daga nan ne jijiyoyin da ke tafiya kafaɗa da hannu suke fita. Wannan ɗan ginshiƙi shi ke ɗauke da kai, mai nauyin kimanin kilo 5. Idan kai na tsaye daidai, nauyin ba ya damun wuya. Amma wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya ƙiyasta a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai sosai, irin na mai kallon waya, nauyin da wuya ke ji yakan kai kilo 27. Wato ya haura rabin buhun siminti.

Saboda haka yawancin ciwon wuya gajiyar tsoka ce: daɗewa a sunkuye, kaya mai nauyi a ka, filo mai tudu, kwanciya rub da ciki, ko damuwar da ke sa kafaɗu su ɗaure. Irin wannan yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Idan shekaru suka ja kuma, guringuntsin yakan bushe ya zaizaye, har wani lokaci ya danne jijiya, sai zafin ya gangaro hannu, yatsu su riƙa mutuwa.

Mutane da yawa da sun ji ciwon ƙeya sai su ce hawan jini ne. Amma hawan jini galibi ba ya nuna alama, awo kaɗai ke tabbatar da shi.

Akwai kuma ciwon wuyan da ba a kwana da shi a gida. Idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai ko gushewar hankali, musamman lokacin bazara, wannan yana iya zama sanƙarau, cutar da ta hallaka mutum sama da 11,000 a Najeriya a 1996. Haka wanda ya yi haɗari ko ya faɗo daga sama: kada a murɗa wuyansa, kada a sungume shi kansa na lilo, kada a fara da mai ɗori. Sai kuma wanda hannu ko ƙafarsa ke rasa ƙarfi, ko ya kasa riƙe fitsari. Duk waɗannan a garzaya da su asibiti: Asibitin Gwamna Awan na nan kusa da Tirkaniya, ga kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari.

Ga mai ciwo na yau da kullum, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a riƙa juya wuya a hankali, kada a kwanta a daina motsi. Tela ya miƙe duk bayan rabin awa, mai waya ya ɗago ta daidai idonsa, ɗan dako ya raba kaya biyu. A yi hattara da ƙwayoyin kashe zafi na kyamis, yawan shansu na jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda. Idan an yi makonni babu sauƙi, a ga likita. Buhu ana sauke shi da yamma, amma kai, wuya zai ci gaba da ɗaukarsa har ƙarshen rayuwa.