Rajistar Asibiti Ba Ta Ganin Wanda Bai Zo Ba

A 2017 sakamakon wani binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF ya nuna cewa kashi 33 cikin 100 ne kacal na yaran Nijeriya aka yi wa allurar rigakafin penta ta uku. A Jihar Sakkwato kuwa kashi 3 ne. Alhali rahotannin da asibitoci ke aikawa Abuja suna nuna kamar an kusa gamawa da kowane yaro, wasu wuraren ma sun zarce kashi 100. A shekarar ce hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi.

Ba lallai sai an yi ƙarya ba kafin lissafin asibiti ya kumbura. Ma'aikaciya tana jan layi a takardar ƙirga duk sanda ta yi allura, daga baya a raba jimillar da adadin jariran da ake zaton suna yankin. Wannan adadi kuwa hasashe ne daga ƙidayar 2006, wadda ba a sake irinta ba. Idan hasashen ya gaza, ko mata suka tsallako daga maƙwabciyar ƙaramar hukuma, sai alƙaluma su haura. Ga kuma kwaɗayin lada: asusun rigakafi na GAVI ya taɓa biyan ƙasashe dala 20 kan kowane ƙarin yaron da aka yi wa allura, kuma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2008 ya gano cewa ƙarin da ƙasashen suka bayar ya kusa ninka wanda binciken gida-gida ya tabbatar.

Masu kare rajista suna cewa ai shi ma binciken da bakin uwa ya dogara. Suna da hujja. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, ƙasa da rabin iyaye mata ne suka iya fito da katin rigakafi, saura sai abin da suka tuna, kuma uwa kan haɗa ɗigon foliyo na ƙofar gida da allurar asibiti. Tambayar shayarwa ta fi wannan rauni: abin da jariri ya sha jiya da daren jiya kawai ake lissafawa. Wanda aka ɗanɗana wa zamzam ko dabino ran haihuwa, ko ake ba shi ruwa in zafi ya tsananta, yana iya shiga cikin kashi 29 da aka ce nono zalla suke sha. Rashin tsaro ma ya sa an bar wasu ƙananan hukumomin Barno a wajen binciken.

Amma waɗannan kurakurai ne da ake iya ragewa: a duba tabon allurar BCG a dantsen yaro, a bi sunansa zuwa rajistar asibitin garinsu. Gurbin da rajista ke bari kuwa ba ya cikuwa da gyaran alƙalami. Binciken na 2018 ya nuna kashi 39 ne na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma wajen kashi 16. Jaririn da ungozoma ta karɓa a ɗaka, ba a taɓa kai shi awo ba, shi ne ya fi fuskantar haɗari, kuma sai an yi sallama a ƙofar gidansu za a san da shi. Tun 1990 Nijeriya ta riƙa yin irin wannan bincike da tallafin Amurka, wadda ta yanke kuɗin a 2025.