Napep Ba Sunan Kamfanin Indiya Ba Ne

Daga ƙofar jami'ar ATBU da ke Yelwa a Bauchi zuwa kasuwar Yelwan Tudu, kalmar da ta fi yawo a bakin titi ita ce "Napep!" Amma a tambayi direbobin keke mai ƙafa uku inda sunan ya samo asali, da yawansu za su ce ai sunan kamfanin Indiya ne mai ƙera keken. Har ɗaliban jami'a ana ji suna maimaita wannan magana, abin haushi.

Sam ba haka ba ne. Gaskiya daga Indiya ake shigo da yawancin kekunan, amma masu ƙera su irin su Bajaj ne da TVS, kuma sunayensu na nan ɓaro-ɓaro a jikin keken ga mai ido. Napep kuwa haruffan farko ne na sunan Turanci na shirin yaƙi da talauci da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. Shirin ya raba wa marasa aikin yi kekuna da sunansa a jiki, jama'a suka karanta, shi ke nan suna ya bi keke. Tun kafin nan mutanen Legas na ce masa Keke Marwa, saboda Buba Marwa da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Kanawa kuma suka ce A Daidaita Sahu, sunan shirin gyaran tarbiyya na Malam Ibrahim Shekarau, wanda gwamnatinsa ta kawo kekunan a 2005 don mata su huta da hawa acaɓa.

To, abin da aka kawo don rufin asiri, yau wasu sun mai da shi ajalin mutane. Mutum uku ne a baya, amma sai a cusa huɗu, a ƙara biyu gefen direba, ƙafar ɗaya na lilo a waje, a hau titin Dass ana tsere da manyan motoci. Rashin kyawun hanya ma na da nasa laifin.

Don haka, mai keke ya rage balas ɗin da yake ɗora wa direba, don shi ke sa gudu da lodi. Kada a miƙa makulli ga yaron da bai san hannunsa ba. Direba ya duba birki da fitila kafin ya fito, ya daina tsayawa tsakiyar titi don ɗaukar fasinja. Kai kuma fasinja, in ka ga keke ya cika, ka haƙura ka jira na baya.